Giyar otomatik a babbar mota: yadda ake sarrafa ta daga Ngaundere zuwa Njamena

Da yawa daga cikin kawunan tirela na gwanjo da ake saukewa a Duwala yanzu ba su da matakin kuloci. Totur ne da birki kawai. Direban da ya shekara goma yana canja giya da hannu, idan ya hau irin wannan mota, abu na farko da ke zuwa masa a rai shi ne ai irin otomatik ɗin ƙananan motoci ce. Nan kuskuren yake farawa, kuma kuskure ne da ake biya da farantin kuloci.

A cikin giyabos ɗin, wanda makanikan nan ke kira buwat, haƙoran giya ne irin na motar hannu, da kuloci busasshe mai faɗin kusan milimita 430 tsakaninsa da inji. Bambancin shi ne kwamfuta ce ke taka kulocin, ita ce ke sa giyar, kuma da iskar tankin mota take yin aikin. Volvo na kiran nata I-Shift, wadda ta fito a 2001. Mercedes na da PowerShift, Renault na da Optidriver, MAN na da TipMatic, Scania na da Opticruise, DAF da Iveco kuma suna amfani da na kamfanin ZF, wato AS Tronic da wadda ta gaje ta, TraXon. Yawancinsu giya 12 ne na gaba, ribas kuma 2 zuwa 4. Suna daban, jiki kusan ɗaya. Abu biyu za ka riƙe tun yanzu: kulocin yana nan kuma ƙafarka na iya ƙona shi, sannan kwamfutar tana jin nauyi da gudu amma ba ta ganin abin da ke gaban mota.

Inda hannun giyar yake

A Volvo FH da FM sanda ce a gefen kujera, da matsayi huɗu: R ribas, N firi, A otomatik, M na hannu. A jikin sandar akwai maɓallin ƙari da ragi, wato + da −. A Mercedes Actros ta 2011 zuwa sama da Renault da Scania, komai yana kan sandar da ke dama da sitiyari: ka murɗa zobe zuwa D, N ko R, ka ɗaga sandar don ƙara giya, ka danna ta ƙasa don ragewa. A MAN da DAF abin murɗawa ne a dashbod ko kusa da kujera, kuma ban da D da R za ka ga wani matsayi na tafiyar hawainiya, a DAF da hoton kunkuru, a MAN an rubuta DM da RM. Tsohuwar Actros mai Telligent, da tsohuwar Scania ta kafin 2009, wasunsu suna da matakin kuloci duk da kwamfuta ce ke sa giyar. A irin wannan Scania sai ka taka kuloci wajen tashi da tsayawa, a Actros ɗin kuwa har da kowane canjin giya.

Babu P, wato matsayin fakin irin na ƙananan motoci, a ko ɗaya. Abin da ke riƙe mota a tsaye hambirki ne.

Idan allon motar yana magana da Jamusanci ko yaren Holan, kamar yadda motocin gwanjo da yawa ke zuwa, a nemi wanda zai mayar da shi Faransanci a cikin saitin allo. Aikin minti biyu ne, amma akwai direbobin da ke yin shekara suna tuƙi ba su san cewa rubutun da ke fitowa kullum gargaɗin zafin kuloci ba ne.

Tashi daga tsaye

Hambirki a ɗaure, hannun giya a N. Murɗa makulli zuwa wuta ka dakata 'yan daƙiƙu har fitilu su ɗauke, harafin N ya tsaya a allo. Sannan ka ta da inji. Kada ka taɓa giya sai iska ta cika: allurar ta wuce bar 8, ƙarar gargaɗi ta yi shiru. Da ƙarancin iska giya kan shiga rabi ta maƙale, lambar giyar ta riƙa ƙiftawa a allo.

Taka birki, sa D ko A, ka dubi allo. Lambar da ta fito ita ce giyar tashi, kuma wannan lamba ta fi komai muhimmanci a safiyar. Kwamfuta tana ƙiyasta nauyi ne daga iskar balan-balan ɗin baya, wato jakunkunan iska da ke ɗauke da nauyi a madadin sifirin, ko daga yadda motar ta ja a tafiyar da ta gabata. Motar da ta shiga Figil wayam ta ɗauki siminti, musamman mai sifirin ƙarfe wadda ba ta da abin auna nauyi, tana iya nuna maka 4 ko 5 domin har yanzu a lissafinta ba kaya. Ka rage da kanka. Da cikakken lodi a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, 2 ko 3. A kan tudu, ko yashi, ko idan lodin ya kusa tan 50 ɗin da doka ta yarda a ma'aunin hanya, 1. Giyar tashi babba tana sa kuloci ya daɗe yana gogawa kafin ya kama, kuma duk gogawar nan wuta ce.

Sauke hambirki, ɗaga ƙafa daga birki, taka totur a hankali amma ba da tsoro ba. Ana son kuloci ya kama gaba ɗaya da wuri. Wasu motocin suna fara rarrafe da kansu da ka saki birki, wasu kuwa, musamman tsofaffin AS Tronic, ba sa motsi sai ka ba su wuta, kuma a ɗan tudu za su koma baya. Ka gwada taka a fili kafin ka shiga cunkoso da ita.

A kan hanya, lokacin da giya ke canjawa za ka ji inji ya ɗauke na kamar daƙiƙa guda. Kada ka ɗaga ƙafa. Kwamfutar ce ta rage mai da kanta don ta daidaita juyin inji da giyar da za ta shiga. Tsohon hali na ɗaga ƙafa a lokacin canji yana rikita ta, ta ɗauka ka fasa gudu, ta zaɓi wata giyar. Haka kuma idan ka ga ta tsallake daga 3 zuwa 5 zuwa 7, lafiya lau ne. Mota mara nauyi ba ta buƙatar bin kowace giya. A miƙaƙƙiyar hanya irin ta Garwa zuwa Marwa, bar ta a otomatik, allurar juyin inji na cikin koren ɓangaren agogonta, tsakanin 1,000 da 1,500 a minti. A nan ta iya tattalin gas sosai.

Idan kana son ƙarfi nan take, kamar wajen wuce wata mota, taka totur har ƙasa ka wuce ɗan taurin da ke ƙarshe, za ta sauke giya. Akwai kuma maɓallin ƙarfi, a Volvo E/P, a Mercedes "power", wanda ke sa ta jan kowace giya da nisa. Yana shan mai, a kashe shi idan an gama.

Layin kwastan da jan gindi

Abin da ya fi cin kuloci a wannan hanya ba tudu ba ne, layi ne. Layin ma'auni, layin kwastan a Kusiri, layin hawa gadar Ngeli. Mota ta matsa taku biyu ta tsaya, ta sake matsawa. Lissafin shi ne: a giya ta 1, inji na juyi kusan 600 ba a taka totur ba, motar na tafiya kusan kilomita 3 a awa, ƙasa da tafiyar mutum. Duk gudun da ya gaza haka, kuloci bai kama duka ba, gogawa yake. A giya ta 4 kuwa sai an kai kusan kilomita 6 kafin ya kama. Don haka a layi ka sa 1, ko matsayin kunkuru, ka bar na gabanka ya ba da tazarar tsawon mota guda, sannan ka matsa sau ɗaya ka tsaya. Masu babur za su cusa kai a tazarar, na baya zai yi ta oda. Bar su.

Tsayuwar da za ta wuce minti ɗaya ko biyu, mayar da ita N ka ɗaure hambirki. Muddin giya na ciki, iska na danne da kuloci a buɗe, kuma ɗan kuskuren taɓa totur zai tura motar kan na gaba.

Kada ka riƙe mota a tudu da totur. Kada ka taka birki da totur tare. Idan allo ya nuna alamar kuloci da ƙara, ko ka ji ƙauri irin na ƙonannen birki daga ƙarƙashin kai, ko dai ka ba ta wuta ta kama ta tafi idan hanya a buɗe take, ko ka tsaya ka sa N, inji na aiki, ka ba shi kamar kwata na awa ya huce. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Njamena, hucewar na ɗaukar lokaci fiye da haka.

Ribas sai mota ta tsaya cik. Wajen haɗa kai da tirela, R1 ko RM ko kunkurun baya, a nan totur kan zama mai laushi, kana matsawa kaɗan-kaɗan har ƙugiya ta kama. Manyan giyoyin ribas an yi su ne don ja da baya mai nisa a wurin aikin hanya. Da tirela a baya da yaron mota yana nuna maka hannu, ba ruwanka da su.

Falez

Ngaundere tana sama da mita 1,000 daga teku, Garwa kuwa ba ta kai 300 ba. Babban rabon wannan sauka yana falez ɗin da ke arewa da Ngaundere kafin Mbe, gangara mai kwana-kwana wadda duk direban wannan hanya ya san tarihinta. A nan ne ake gane wanda ya fahimci motarsa.

Motocin nan an saita su ne don manyan titunan Turai da lodin tan 40. Idan ka bar ta a otomatik ka fara gangara, tana ganin gudu na ƙaruwa ba ka taka totur ba, sai ta ƙara giya don tattalin mai. Wasu ma suna da tsarin sakin mota ta gangara a firi, I-Roll a Volvo, EcoRoll a Mercedes. A shimfiɗaɗɗiyar hanya abu ne mai kyau. A bakin falez kashe shi.

Tun kana sama, kafin kan mota ya sunkuya, rage gudu da birki, koma M, zaɓi giyar sauka. Tsohuwar ƙa'ida tana nan: giyar da za ka hau tudun da ita, da ita za ka sauka, ko ƙasa da ita da ɗaya. Ga mai cikakken lodi wannan kan faɗa wajen 5 zuwa 7. A yawancin kawunan tirela giya ta 6 a juyi 2,000 tana ba da kusan kilomita 30 a awa; motar da aka yi wa dif na aikin ƙarfi, wato giyar da ke tsakanin tayoyin ja, za ta yi ƙasa da haka. Sai ka ja sandar birkin inji mataki-mataki zuwa ƙarshe. Birkin inji ba ya da ƙarfi a cikin kore. Ƙarfinsa yana sama, wajen juyi 1,800 zuwa 2,300, don haka kukan da inji ke yi a gangara ba ciwo ba ne, aiki yake. Jan layi ne ba a so allura ta taɓa.

Ka san tazarar giyoyinka. A giyabos mai 12, sauke giya ɗaya na ɗaga juyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu: daga 1,200 zuwa wajen 1,500. Sauke biyu na kai shi kusa da 2,000. Idan kana 2,000 ka nemi ragi, lissafin zai wuce jan layi, kwamfuta za ta yi ƙara ta ƙi. Wannan ƙin shi ne ke firgita direbobi a tsakiyar gangara, su ce giya ta lalace. Ba ta lalace ba, an makara ne. Maganin shi ne taka birkin ƙafa da ƙarfi har juyi ya sauko wajen 1,500, sannan a nemi ragin.

Idan giya da birkin inji ba su riƙe ta ba, allura na hawa, taka birki sosai na 'yan daƙiƙu har gudu ya ragu da kamar kilomita 10, ka saki gaba ɗaya ya sha iska. Ɗora ƙafa a kai a hankali tun daga sama har ƙasa shi ke dafa birki, ya kuma zubar da iskar da giya ke buƙata. In ka ga kana maimaita takawar a kai a kai, giyar ta yi girma, rage ɗaya. Idan aka bar juyi ya kai ja, wasu motocin za su ƙara giya da kansu don ceton inji, motar ta ƙara sakin jiki a daidai inda ba a so. Wasu kuma a M ba za su yi komai ba, inji ya ci kansa.

N a gangara haramun ne. Babu birkin inji, kwamfireso na juyi a hankali iska na raguwa, kuma idan gudu ya yi yawa giyar da kake so ba za ta koma ba.

Mai ritada, wato birkin mai da ke bayan giyabos, ya riƙa duban allurar zafin ruwa, domin zafin da ritada ke tarawa ruwan inji ne ke kwashe shi. Shi ma juyi mai yawa yake so don famfon ruwa ya yi sauri. A kan jiƙaƙƙiyar hanya da tirela wayam, kada a ja birkin inji ko ritada zuwa ƙarshe: tayoyin ja kaɗai suke riƙewa, suna iya zamewa tirela ta naɗe kai.

Hawa ya fi sauƙi amma yana da tarkonsa. Duk canjin giya na yanke ƙarfi na ɗan lokaci, kuma tan 45 a tudu ba ya jira. A otomatik, da tudun ya ɗan kwanta sai ta ƙara giya, ya sake miƙewa ta rage, kowane canji gudu na zubewa har ta tsaya a tsakiyar kwana. Ka shiga tudun da M, juyi wajen 1,500 zuwa 1,700, ka riƙe. In allura ta sauko kusa da 1,200 rage, idan tudun mai tsanani ne rage biyu a lokaci guda ta danna ragi sau biyu da sauri. In ta kai ga tsayawa: hambirki, yaro ya sa weji, giya ta 1, ba da wuta har ka ji kan motar ya ɗaga yana ja, sannan sauke hambirki. Maɓallin riƙe tudu, ga mai shi, yana riƙe birki na ɗan lokaci kaɗan bayan ka ɗaga ƙafa, ba na zama ba ne.

Laka, yashi da mayo

Da damina a hanyar Mora zuwa Dabanga, ko hanyoyin jar ƙasa da ake kwaso auduga, otomatik ba abokiyar tafiya ba ce. Taya na juyawa a banza, kwamfuta ta ɗauka gudu ne ta ƙara giya, a cikin yankewar nan motar ta zauna. Kafin ka shiga wurin, tsaya, sa makullin dif, wato bulokaj, koma M, zaɓi 2 ko 3, ka ratsa da totur ɗaya ba ƙari ba ragi. Bulokaj ba a sa shi taya na juyawa, haƙoransa za su karye, kuma da an hau ƙasa mai tauri a cire shi kafin a sha kwana.

In ta kafe, wasu motocin suna da tsarin lilo: ka taka totur ta yunƙura gaba, ka saki kuloci ya buɗe nan take ta koma baya, ka sake takawa. Gwaji kaɗan ya isa. In ba ta fita ba a kawo shebur ko a nemi mai ja, domin kuloci ya fi hayar katafila tsada. Bayan ratsa mayo, wato rafi, mai zurfi a duba man giya. Idan ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, a juye shi.

Kashe mota, da abin da ke hana ta tashi

Tsaya, hambirki, N, ka ga N ta zauna a allo, sannan kashe inji. Wanda ya kashe mota da giya a ciki, iska ta tsiyaye cikin dare, da safe zai tarar da kulli: inji ba ya tashi sai a firi, firi ba ta samuwa sai da iska, iska ba ta samuwa sai inji ya tashi. Mafita ita ce a jawo tiyo daga wata mota a cika tanki ta bakin cikawa, a kunna wuta, giya ta koma N.

Mafi yawan abin da ake cewa buwat ta mutu, iska ce ko wuta. A ja zoben da ke ƙarƙashin tankunan iska a kai a kai. Idan ruwa ko baƙin mai ya fito, matatar busar da iska ta gama aiki, a canja ta, kuma ko ba haka ba a canja ta duk shekara. Ruwa da mai su ne ke lalata robobi da bawul ɗin da ke saman giyabos, giya ta fara jinkiri ko ta ƙi wucewa daga 6 zuwa 7. Batir biyu ne masu ba da volt 24, inji na aiki ya kamata a ga kusan 28. Kan batir mai tsatsa ko sako-sako ya isa ya sa kwamfuta ta ɗauke a tsakiyar canji. Wayoyin ABS, wato na'urar hana tayoyi kullewa wajen birki, da ake yankewa a jefar su ma suna da hannu, domin daga nan kwamfutar ke samun gudun tayoyi. Mai walda kuma kada ya taɓa jikin mota sai an cire batir.

Idan alamar matsala ta fito, tsaya a wuri mai kyau, rubuta lambar ko ka ɗauke ta a waya, kashe wuta na minti ɗaya ko biyu, sake kunnawa. Sau da yawa takan warware. In ta dawo, aikin na'urar bincike ne, wadda ake kira baliz, kuma lambar da ka ajiye za ta rage wa makanike lalube. Bayan canjin kuloci ma dole a sa baliz a koya wa kwamfuta inda sabon farantin ke kamawa, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga wajen tashi.

Man giya lita 11 zuwa 16 ne gwargwadon iri, yawanci 75W-80 ko 75W-90 kamar yadda littafin motar ya faɗa. Ba jan man otomatik na ƙananan motoci ba, ba kuma mai kaurin nan na dif ba.

Ba a tura irin wannan mota don ta tashi. Idan kuma za a ja ta, ko daga Figil zuwa Garwa ne, a kwance farfela, wato kardan, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa dif, daga wajen dif a ɗaure ta sama. Famfon da ke watsa mai a cikin giyabos daga ɓangaren inji yake samun juyi. Inji a kashe, tayoyi na juya ƙarafan ciki a bushe, kafin a isa gareji boris ya ƙone. A sa weji gaba da baya kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, domin da an ba tankuna iska ko an kwance kusoshin hambirki don a samu ja, babu sauran abin da ke riƙe motar.